Kwalbar Inna da Hoton Zuciyata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Inna. Yaya jikin takwarata? 'Yar nan taki ba ta ga abin ɗauka a wurina ba sai suna da wannan ciwon jini, wanda ko likitoci sai sun buɗe littafi kafin su faɗi sunansa.

Ni kam da sauƙi, sai dai matakalar shago ta fara fin ƙarfina. Ina kaiwa sama sai in zube gaban keken ɗinki ina haki kamar wadda aka koro. Da na je ƙarin jini na wannan wata, likita ta ce za a ɗauki hoton zuciyata. Maigidana, sarkin tsoro, tun ranar ya daina cin abincin kirki, ni ce ma nake lallashinsa. Amma ke ba zan ɓoye miki ba, ni ma a tsorace nake.

Ki yi wa Inna godiya, kwalaben maganin ƙarin jini da take aiko min suna isowa. Safe da yamma nake sha. Ki ce mata ina jin amfaninsa sosai, ko hankalinta zai kwanta.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya. Na kira ki, wayarki a kashe kamar kullum, shi ya sa na ba direban da ke kawo min kwalaben Inna wannan wasiƙa. Ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗora tukunya.

An yi hoton. Kwantar da ni aka yi ta gefen hagu, aka shafa min wani abu mai sanyi da santsi a ƙirji, likita ta riƙa yawo da kan na'ura tsakanin haƙarƙarina. Na ga zuciyata a allo, toka-toka, wasu ɗige-ɗige suna bin motsinta. Ashe ba bugawa kawai take yi ba, murɗawa take, sama ya juya nan, ƙasa ya juya can, kamar ana matse tawul. Tawa da ƙyar take murɗawa, da ƙyar take warwarewa.

Likita ta ce ƙarfen da ke cikin jinin da ake ƙara mana ne ke taruwa a naman zuciya, amma nawa ya wuce misali, ga shi kuwa ina shan maganin fitar da shi. Ta ce, "Me kike sha bayan wanda muka ba ki?" Ni da alfaharina na zaro kwalbar Inna daga jaka. Ta karanta rubutun da ke jikin kwalbar, ta ajiye a hankali, ta ce, "Wannan ai ƙarfe ne zalla. Mu muna kwashewa, ke kina zubawa." Ta ce an gano da wuri, wataƙila zuciyar ta farfaɗo. Wataƙilar nan ce ta hana ni sukuni.

Na yi niyyar kada kowa ya ji. Kin san Inna, tun ina ƙarama take ganin laifinta ne da ta haife ni haka. Na ce zan ci gaba da karɓa ina godiya ina ɓoyewa bayan kabad.

Sai ɗazu direba ya kawo wasu kwalaben da saƙon baki. Wai tunda na ce maganin ya karɓe ni, Inna ta daɗe da fara ba takwarata cokali guda kullum, idan yarinyar ta biya ɗakinta kafin makaranta.

Ki je ɗakin Inna yanzu ki ɗauke kwalbar. Ki kai yarinyar a yi mata irin hoton nan, ki ce a duba murɗawar. Inna kuma ki bar min ita. Bakina ne ya ce mata yana da amfani, da shi zan zo in faɗa mata.

Gobe ki raka takwarata makaranta, ki tsaya ki kalli yadda take hawa matakala. Duk abin da kika gani ki faɗa min, kada ki rage.

Allah Ya sa mu ji alheri.
Ƙanwarki, Auta