Koriyar Fitilata da Dokin Amsey

Talata, 9 ga Mayu

Wendell, shugabanmu, ya ƙwace mini koriyar fitilar da muke kunnawa a motocinmu in an kira mu gobara. Wata guda, in ji shi. Shekara goma sha ɗaya ina aikin kashe gobara na sa-kai a garin nan, da an kira in bar tukunya a kan murhu in ruga, yau shugabanmu ya ciro ta daga gilashin motata kamar ya kama ɓarauniya.

Wai laifina: jiya da hantsi garken su Gingrich ya kama wuta. A kwanar coci na tarar da keken dokin tsoho Amsey yana tafiyarsa ta mutanen da. Na danna hon na wuce. Dokin ya firgita, keken ya gangara rami, matarsa Saloma ta karye a hannu.

Laraba, 10 ga Mayu

Wendell ya ce mini, "Darlene, fitilar nan roƙo ce, ba umarni ba. Ba ta ba ki damar wuce gudun da doka ta yanka ba, kuma ba wanda ya zama dole ya kauce miki." Na ce masa to ya je ya roƙi wuta ta jira.

Shanu talatin muka fitar da rai. Wannan ba wanda ya ambata.

Asabar, 13 ga Mayu

Ban yi nadama ba. Gobe ma haka zan yi.

Asabar, 20 ga Mayu

Na kai wa Saloma miya da burodi. Ba haƙuri na je bayarwa ba, maƙwabtaka ce kawai. Na same ta tana fama da kwaɓin fulawa da hannu ɗaya, ta ƙi in karɓa.

Amsey ya rako ni bakin mota. "Tun daga nesa na hango fitilarki, 'yata. Wurin kaucewa nake nema, gefen nan duk rami ne."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Haushi nake ji har yanzu, ban san na wa ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Fitila ta dawo. Wendell ya ce in na ƙara, in ajiye hula da takalma gaba ɗaya. Ya sha kuruminsa, ba tsoronsa nake ji ba.

Alhamis, 15 ga Yuni

An kira da azahar, tarakta ta danne wani a gona. Kwanar coci, keken Amsey, Saloma a gefensa da hannu a rataye. Tafina yana kan hon, amma ban danna ba. Na bi bayansu, ƙwas, ƙwas, har ƙofar gonar Martin. Nan ya kauce, ya ɗaga mini hula.

Ni ce ta ƙarshe a tashar kashe gobara, da ƙyar na samu kujera a motar aikinmu. Mutumin ya rayu, ƙafa ce ta karye.

Dokar nan har yanzu ban yarda da ita ba. Wendell ya tambayi abin da ya tsare ni, na ce hon ɗina ne ya lalace.

Hon ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau.