Bitrus Ya Ƙi Zuwa Duba Baffa

Wusasa, Zariya

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Baffa Sule, ƙanen Baba, yana kwance a gidansa na Ƙofar Kuyambana, jiki ya yi tsanani. Ran Lahadi bayan sujada na ce wa ƙaninmu Bitrus mu je mu duba shi. Wai shi ba zai taka gidan ba, tunda Baffa bai shiga coci ba ranar jana'izar Baba. Yaya, mutumin nan Musulmi ne, amma a rana ya tsaya har aka binne ɗan'uwansa!

Abin haushin, a ranar Bitrus ne ya yi wa matasa wa'azi a kan biyayya ga Allah, har da buga tebur. Na ce masa Ubangijin da ya umarce mu mu yafe bai ce sai wanda ya shiga coci ba. Bangaskiyar da ta kasa kai mutum cikin birni, ina za ta kai shi? Ya ce in rabu da shi.

Ni kaɗai na je da kunu. Baffa ya amsa gaisuwata, amma idonsa na kan ƙofa, ko wani zai shigo bayana.

Ki rubuto wa Bitrus, yana jin maganarki. Ku sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Ki hanzarta, Yaya, Baffa ba zai daɗe yana kallon ƙofar nan ba.

Ƙanwarki,
Hannatu