A Bar Wa 'Yan Aji Biyar Gonarsu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gudanarwa na makarantarmu,

Ranka ya daɗe, gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ce Malama Rifkatu, mai koyar da ilimin halittu. Na rubuto a fili ne domin a fili aka karanta hukuncinku, a gaban ɗalibaina, ba a ko nemi jin ta bakina ba. An ce za a share gonar da ke bayan ajinmu a yi wurin ajiye motoci, wai ciyayi ne kawai, kuma wai ina koya wa yara abin da zai raba su da imaninsu.

Na ɗaya. Lokacin da na zo daga Biu, na sa kowace yarinya ta kawo irin gero daga garinsu, muka gauraya muka shuka. A shekarar farin nan da kowa ya ji a jikinsa, ruwa ya ɗauke da wuri. Geron da ke jinkirin nuna ya bushe a tsaye, mai sauri ya fitar da zangarniya. Irinsa kaɗai muka samu, shi muka sake shukawa, yau kusan duk gonar mai sauri ce. Ba mu muka tace ba, fari ne ya tace. Wannan shi ne zaɓin yanayi, kuma yarana da idonsu suka gan shi kafin su karanta shi.

Na biyu. Muna da kunyar wake, ja da fari. Wata damina awakin unguwar Hausari suka keta shinge suka cinye shukar, 'yan tsirarun da suka tsira kuwa duk ja ne. Tun daga nan farin wake ya ɓace mana. Ja bai fi shi komai ba, sa'a ya taka. A babbar gona da hakan bai faru ba, amma a ƙaramar zuriya tsautsayi kaɗai kan shafe wani iri. Darasi na biyu ke nan, kuma akuya ce ta koyar da shi kyauta.

Na uku, maganar imani. Goni Bukar na unguwar Shehuri, mahaifin ɗalibata Falmata, ya ji jita-jitar ya tako da kansa. Falmata ta zaga da shi gonar tana bayani. Da zai tafi ya ce mini, "Malama, wanda ya halicci geron shi ya halicci farin. Ban ga abin tsoro a nan ba." Shi ya zo ya duba. A cikin kwamitinku babu wanda ya leƙo.

Na huɗu. Kwanan baya tsohuwar ɗalibata Yagana, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta tare ni a kasuwa. Ta ce maganin zazzaɓin cizon sauro ya fara kasa warkar da wasu, mutane na zargin jabu ne. "Malama, geron nan ne," in ji ta. "Maganin ya kashe ƙwayoyin cutar masu rauni, masu taurin kai suka hayayyafa." Ban san sa'ad da na rungume ta a tsakiyar masu kifi ba. Da irin wannan nake alfahari, ranka ya daɗe.

Roƙona kaɗan ne. A dakatar da sharewar. A janye zargin a wurin da aka yi shi, a gaban yara. Sannan ka zo kafin girbi, 'yan aji biyar su karantar da kai.

In kuwa kun nace, ku sani irin ba a hannuna yake ba. Duk yarinyar da ta gama karatu a wurina da ƙullinsa take tafiya, kuma yau yana tsiro daga Bama har Monguno.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

Wassalam.

Malama Rifkatu,
Maiduguri.