Rasuwar Alhaji Abdulbaƙi, Mai Faɗa Mana Ranar Kulle Shago

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Zumuntar 'Yan Kasuwa Hausawa ta Adjamé da Treichville ta sami labarin rasuwar dattijonta kuma tafintanta, Alhaji Abdulbaƙi Harouna, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata a gidansa da ke unguwar Arras, bayan gajeriyar jinya.

Shekara talatin marigayin ya yi yana saurara mana jawaban shugabanni da na 'yan adawa a rediyo, ya mayar da su Hausa bayan la'asar a rumfarsa da ke tashar mota ta Gare de Bassam, domin yawancin iyayenmu Faransancinsu bai wuce na ciniki ba. Bai taɓa cewa wane ne mai gaskiya ba. Tambaya ɗaya yake amsawa: gobe a buɗe shago ko a kulle?

Sau ɗaya ya kuskure. A shekarar da zaɓe ya rikice, ya ji kowane ɓangare yana rantsuwa da zaman lafiya, ya ce a buɗe. Ƙanensa Sadi ya tafi shagonsa a Adjamé Liberté, har yau ba a ga ko takalminsa ba. Tun daga ranar Alhaji bai sake cewa a buɗe ba, sai dai ya ce a kulle, ko ya yi shiru mu gane.

Uwargidansa, Hajiya Tsahara, ta shaida mana cewa a makon jiya ya saurari masu mulki suna kiran masu sukarsu maƙiyan ƙasa, 'yan adawa kuma suna kiran jama'a kan titi. Ya sa aka kashe rediyon, ya ce ya taɓa jin waɗannan kalaman. Saƙonsa na ƙarshe gare mu shi ne: “Ku kulle.”

Don haka shagunanmu za su kasance a kulle kwana uku. Muna roƙon kowace jam'iyya, don girman Allah, kada ta lissafa wannan a matsayin goyon baya, kada kuma a kawo mana jawabi wurin zaman makoki.

Allah Ya gafarta masa, Ya ba Hajiya Tsahara da 'yarsu Kamila juriyar wannan rashi. Mu kuma, wallahi muna cikin tsoro. Ranar Asabar za a sake yin jawabai, kuma ba mu san wanda za mu tambaya ba.

Alhaji Shamsuddin Ɗan Azumi
Kakakin Ƙungiya