Mai Nauyin Na Bar Muku

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Ni ne Kurban ɗan Haidar, mazaunin Methven, mai raka baƙi farautar awakin dutse. Ina rubuta wannan da hankalina a jikina, ko da yake uwarku Marziya za ta ce tun da ta aure ni ba ta ga ranar da ya zauna wuri ɗaya ba. Likita ya ce zuciyata ta tsufa ta bar ni a baya, ni da ko furfurar kirki ban yi ba. Jiya daga gado zuwa ƙofa sai da na huta a hanya. Don haka 'ya'yana Nawruz da Safdar, ku karanta a hankali, ba ni da numfashin maimaitawa.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah ya ce, malam ya san aikinsa. Bindigogina biyu kuwa, kyauta na yi da su tun ina raye, a gaban shaidu, don kada wani ya tashi ya ce ba a wasiyya ga magaji. Wannan kam na riƙe shi tun a makarantar allo.

Na biyu. Tsinke, ƙaramar bindigar nan da ba ta kai kilo uku ba, na ba Rewi, abokin hawana. Na san ku duka biyu ita kuke wa ido. Gwiwoyin Rewi sun ƙare, barewar bakin daji kawai yake nema yanzu, ita ce daidai shi. Kuma yana da haƙƙi a kaina. Shekarar da ya ishe ni da fariyar jakarsa ba nauyi, har da yanke wa buroshin haƙori wutsiya, na cusa masa duwatsun kogin Rangitata a ƙasan jaka. Ya hau da su har bukkar mafarauta ta kan dutse yana ta zagin tsufa. Da ya zazzage jakar ya gani, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, “Kurban, ɗan banza, wallahi kai za ka mayar da su inda ka ɗebo.” Na mayar kuwa, yana bina a baya yana cin bolani, burodin nan mai cushe na uwarku.

Ga abin da ya hana ni ba ku ita. Mara nauyi daɗin ɗauka gare ta, amma ba ta da kunya. Ka hau tun asuba, ƙirjinka na dukan ganga, ka kwanta ka sa ido a madubin bindiga, sai ka ga bakinta yana rawa da kowane bugun zuciyarka. A kusa ba komai. Daga wannan tsauni zuwa wancan, rawar nan ita ce bambancin samun dabba a kafaɗa da samunta a ciki. Ga naushi a kafaɗa, har mutum ya koyi runtse ido kafin ya ja kunama. Mafi muni, tana raɗa wa saurayi cewa ba ya bukatar kowa, ya rataya ta ya hau shi kaɗai. Na taya ɗauko irin waɗannan samarin daga ƙasan kwazazzabo. Ba na son Rewi ya taya ɗauko nawa.

Na uku. Maganar bunsurun bara ta ƙare daga yau. Safdar, ka harba da Tsinke daga nesan da ba nata ba, kana haki, ka same shi a ciki, ya ja jiki ya faɗa inda ba mai iya sauka. Bismillarka ta tafi a banza, nama ya zama na tsuntsaye. Ka yi kuskure, kuma ka sani, shi ya sa ka kasa cin abinci ranar. Kai kuma Nawruz, a cikin bukka, gaban baƙi, ka ce, “Ku ɓoye awakinku, ga mahaucin hanji ya iso.” Aka yi dariya. Bakin nan nawa ne ka gada, na gane shi, sai dai ni ina duba fuskar mutum kafin in saki. Kuma ina kake sa'ad da Safdar ya kwanta zai harba? Kana can gaba, ka bar shi. Tun ranar ya kwashe kayansa ya koma garin Ashburton, uwarku tana dafa mantu, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, kashi biyu, ɗaya ta sa a mota. Na gaji da ganin wannan fiye da yadda na gaji da magunguna.

Na huɗu. Gwaggo, babbar bindigar, taku ce. Kilo shida ce da madubinta da ƙafafunta, kuma kamar kowace gwaggo, sai an ɗauke ta, sai an lallaɓa ta. Amma in ta kwanta a kan dutse ta kwanta ke nan, ko iska ba ta kulawa, naushinta ma turawa ce kawai. Mutum ɗaya ba ya hawa da ita da tanti da abinci, balle ya sauko da nama da fata a kan tsakuwa mai zamewa. Ni da Rewi musaya muke yi: wanda ya ɗauke ta a hawan ƙarshe ba shi ke harbi ba, shi ke riƙe madubin hange yana karanta iska, wanda ya huta ya harba.

To ga rabon. Bindigar tana akwatin ƙarfe a nan gida, mabuɗin na hannun Nawruz. Sakatarta, ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi, tana Ashburton. Na sa Rewi ya kai wa Safdar a cikin tukunyar mantu ta makon jiya, a naɗe cikin safata. Safar wankakkiya ce, kada ka yi fushi. Nawruz, in babu sakata, sandar dogarawa gare ka mai tsadar gaske. Safdar, kai kuma abin danne takarda. Na san za a iya sayo wata. Wanda ya sayo, ban yafe ba. Wannan kaɗai ne a takardar nan babu wasa a ciki.

Ban ce wane ne zai fara buga wa wani ƙofa ba. Tafiyar ba ta kai shayi ya huce ba.

Na biyar. In kun sauko, naman gadon baya na manomin da kuka ratsa gonarsa ne, ku rufe masa kowace ƙofar shinge. Ku bar busasshen itace a bukka saboda na bayanku. Ku gaya wa uwarku kwarin da za ku shiga da ranar fitowa, kuma ku shigo mata a mota ɗaya.

Zan tsaya nan. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ƙafafunku a kan ƙanƙara, ya sa ku riƙe uwarku da juna. Ku yafe mini, ku roƙa mini gafara. Dusar ƙanƙara za ta sauko nan ba da daɗewa ba, bunsuraye za su yi gashi. Ina so in ji ku a bakin ƙofar nan kuna gardamar wanda zai fara ɗaukar Gwaggo, tun kunnena yana ji.