Suna Bin Salla Bayana, Ni Kuwa Imanina Ya Tafi

Inna Hajaratu, ki taimake ni da shawara, na gaji. Ban ma san ta ina zan fara ba. Ni bakanike ne, a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, nake aiki kafin yaƙi ya cinye garejin. Mahaifina shi ne limamin wata ƙaramar zawiya a unguwarmu a Omdurman ta ƙasar Sudan. Kakansa ne ya taso daga Kano da ƙafa zai tafi hajji, ya tsaya nan, muka zama 'yan nan. Baba ya rasu cikin yaƙin, ciwon suga, babu allura.

Da mutane suka fara dawowa gidajensu aka share zawiyar, ranar farko kawai na ji hannu a bayana ana tura ni gaba. Ɗan malam ne, ya haddace Alƙur'ani, muryarsa ma irin ta uban. Ban iya cewa a'a ba. Ga shi har yau ni ke jan salla.

Inna, ni ban yarda akwai Allah ba. Ba fushi nake da kowa ba, ba kuma wani ne ya hure min kunne ba. Tun kafin yaƙin abin yake tsiyaya a hankali kamar man inji, sai lokacin da muke binne maƙwabta a tsakar gida na duba na ga babu ko ɗigo. Na yi kuka, na yi azumi, na nema, ban samu kowa ba.

Abokina Almahdi kaɗai ya sani. Shi cewa yake in babu Allah ai ban cuci kowa ba, sunkuyawa ce da tashi, in ja musu sallar su samu natsuwa. Ni a nan muka rabu. Mutanen nan sun rasa gida, sun rasa 'ya'ya, abin da ya rage musu mai daraja shi ne sallar nan, kuma a fahimtarsu ba ta yiwuwa bayan irina. Don ni ban yarda ba, ina da ikon yanke musu hukunci cewa ba komai? Ga mahaifiyata, katanga ɗaya ce tsakaninta da zawiyar, takan ce in ina karatu kamar mijinta ne ya dawo.

Abin da ya hana ni sukuni yanzu shi ne Baba Uthman, aminin mahaifina. Yana kwance, jiki ya yi nisa, ya bar wasiyya gaban jama'a cewa ni zan yi masa sallar gawa. In na faɗi gaskiya, ban san abin da zai same ni da iyalina ba. In na yi shiru, zan yaudari tsoho a abu na ƙarshe da ya roƙa a duniya. Yaya zan yi?

Ɗan Liman, Omdurman

Ɗana, ni mai imani ce, kuma ba zan ɓoye maka ba, wasiƙarka ta sosa min rai. Amma ba wa'azi ka nema ba, wanda ya tashi gidan malam ya fi ni sanin ayoyin.

Almahdi yana da 'yar gaskiya, mutanenku na bukatar abin da zai haɗa su. Sai dai kai ka fi shi gani. Sun ba ka amana a kan abin da suke zaton kana ɗauke da shi, kuma nauyin da kake ji alama ce ta mutunci.

Kada ka yi shela. Gari bai gama lafawa ba, zukata a kusa suke, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ke zuciyarka naka ne. Limancin kuwa nasu ne, ka mayar musu. Ka samu dattawan zawiyar ka ce ba ka cancanci tsayawa gaba ba, kuma ba za ka iya ci gaba ba. Babu ƙarya a ciki. Za su roƙe ka, za su ce tawali'u ne irin na mahaifinka. Ka dage cikin ladabi har su zaɓi wani.

Mahaifiyarka za ta ji zafi. Ka riƙa zama kusa da ita, ɗanta take bukata fiye da muryar.

Baba Uthman kuwa kada ka jira. Ka je yau tun yana gane mutane, ka riƙe hannunsa, ka roƙe shi ya sauke maka wasiyyar ya ambaci wani da bakinsa. Ka yi masa alkawarin abin da za ka iya cikawa da zuciya ɗaya: kai za ka haƙa kabarinsa, kai za ka ɗauki makararsa, kuma ba za ka bar iyalinsa su wulaƙanta ba.

Batun imani ban ce ka rufe shi ba, ban kuma ce ka tilasta wa kanka ba. Ni dai zan sa ka a addu'ata, ina fatan ba za ka ƙi ba. Ina yi maka fatan hutun zuciya, da sauƙi ga tsohon nan.

Inna Hajaratu