Jinin dasashi ya raba ni da abokan ciyayya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, a ƙauyenmu ko tari ka yi sai an san kai ne. Don girman Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutu, tsohon malamin firamare ne ni, ba mu iya gajarta magana ba.

Shekaruna sittin da bakwai, ina zaune a wani ƙauye gaba da Dawanau. Matata ta rasu shekara huɗu ke nan, 'ya'yana mata suna gidajensu, namijin guda yana Bacirawa cikin birni da iyalinsa, matar ɗan ƙanena ce take aiko min da tuwo. Abin da ya rage min na hira a duniya shi ne ciyayya. Mu biyar ne, bayan magariba kowa ya fito da kwanonsa ƙofar gidan aminina Malam Iro, mu haɗa mu ci. Sama da shekara talatin muna haka, kuma da tsadar nan ta shigo, wani kwanonsa rabi yake zuwa, wani ya zo hannu rabbana, ba mai ɗaga kai ya kalli wani.

Tun bara dasashina ya fara jini, in na yi asuwaki sai ya fito ja, ga kumburi, ga haƙora biyu na ƙasa suna girgiɗi. Na yi bagaruwa, na yi ruwan gishiri, shiru. Ran nan muna cin abinci na sha ruwa a moɗar da muke sha gaba ɗaya, na miƙa wa na kusa da ni, sai na ga ya duba bakin moɗar, ya juya ta ɗaya gefen kafin ya sha. Da na duba, na ga jinin a bakin moɗar da idona. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari na ce musu cikina ne ba daɗi, daga nan ban ƙara fita ba, yau wata uku.

Na faɗa wa ɗana a waya, ya ce akwai wani man goge baki mai maganin dasashi, ya aiko min da shi a leda ta hannun mai adaidaita. Ni da ban saba ba, da farko shafawa nake kamar man zafi in bar shi a wurin, kuma inda yake jini ba na kai buroshi, wai kada in fama. Sai da mai kemis ɗinmu ya yi min dariya, ya ce ai nan ne ma ya fi buƙatar guga a hankali, safe da yamma. Gaskiya da na bi maganarsa jinin ya ragu, warin ma ya yi sauƙi, amma girgiɗin yana nan, da wani datti mai tauri a gindin haƙoran wanda mai kemis ɗin ya ce ba man da zai cire shi sai an kankare a asibiti. Ɗana kuwa duk kiran da na yi sai ya ce Baba a ci gaba da man, ya sake aiko wani. Yanzu guda huɗu ne a kan taga, shi kuwa rabona da ganinsa tun ƙaramar salla. Na san shi ma da ƙyar yake riƙe gidansa, shi ya sa nake jin nauyin ce masa ya zo ya kai ni.

Ashe ledojin nan da ake kawo min an sa musu ido. Bayan sallar Juma'a Malam Iro ya tare ni, ya ce ai sun gane, tun da ɗana ya fara turo min kayan daɗi daga birni na daina sanin mutane, ya ce shi bai taɓa zaton yunwa za ta nuna masa rowata ba. Raina ya ɓaci, na ce masa ya je ya ji da abin da ya dame shi. Da bakina na faɗa, kuma har yanzu ina nadama. Amma ta yaya dattijo kamar ni zai tsaya a ƙofar masallaci ya ce bakinsa ne yake jini da wari?

Jiya na dawo daga gona na tarar da buzuna, wanda nake zama a kai a wurin ciyayya, an naɗe shi an jingine a ƙofar zaurena.

Masu ilimin lafiya a cikinku, man nan shi kaɗai zai iya tsayar da ciwon ga mai shekaruna, ko ɓata lokaci nake har haƙoran su zube? In cire kunya in ce wa yaron ya zo? Shi kuma Malam Iro, in ɗauki ledar man in je in buɗe masa bakina ya gani, ko in jira sai na warke? Tsorona kada kafin in warke su saba da zama su huɗu. Ina jiyo muryarsu ta katanga suna wanke hannu, ni kuma ina cin nawa ni kaɗai, buzun ma na kasa warware shi.